Takalmin Marigayi Yahya

Ranar Talatar da aka binne Malam Yahya, bayan la'asar, aka tarar da ƙofar ƙaramin asibitin Unguwar Kanya a buɗe, mabuɗi yana lilo a jikin kwaɗo. Ba a taɓa magani ko ƙwaya ɗaya ba, ba a taɓa batiran sola ba. Abu ɗaya aka ɗauke daga cikin firji: wani shuɗin akwatin roba da bai fi kular abinci girma ba.

A cikinsa akwai jinin Malam Yahya a 'yan kwalabe huɗu, da ɗan yankin fatar damtsensa wanda bai kai ƙwayar masara ba. Dakta Mukarrama, likitar zuciya 'yar Hunƙuyi da ke aiki a wani ɗakin bincike a Zariya, ita ta ɗiba ranar Litinin, da yardarsa. Washegari da hantsi ya yanke jiki ya faɗi a gonarsa, bai sake tashi ba. Shekararsa arba'in da uku. Haka mahaifinsa ya tafi, haka wani ƙanensa ya tafi shekara shida da suka wuce.

Kafin magariba kowa ya sami abin faɗa. Wasu suka ce zuciyar mamacin ce sukutum a akwatin, matsafa ne suka aiko a sato musu. Wasu suka ce likitar ce ta ɓoye kayanta don ta ɗora wa gari laifi. Sai wata mata ta ce ta hangi Tanko, Bafulatanin da ke kiwo a bakin fadama, riƙe da wani abu shuɗi. Samari ba su jira ƙarin bayani ba, suka kamo shi, suka kawo shi zauren Mai Unguwa Auwal da igiya a hannu.

Mai Unguwa ya san garinsa, ya kuma san abin da samari kan aikata idan aka bar su da zargi. Ya kulle zauren da kansa, ya ɗauki waya ya kira garin Malikanci, ya ce a nemo masa Ya'u Mai Sawu.

*

Ya'u ya iso a bayan babur rana tana fitowa. Dattijo ne siriri mai shekara sittin da 'yan kai, ya tashi cikin shanu, ya shafe rabin rayuwarsa yana bin sawun dabbobin da aka sace tsakanin Ikara da Maƙarfi. Ba ya ɗaukar komai sai ɗan guntun kara da yake auna taku da shi. Ya durƙusa ya gaida Mai Unguwa, ya yi ta'aziyya, ya tambayi ruwa da shuka, sannan ya ce a nuna masa mai kayan.

Dakta Mukarrama tana tsaye a ƙofar asibitin, idanunta sun yi ja. Ta gaya masa ta tafi Maƙarfi ne ranar Talata ganin wasu marasa lafiya, ta dawo ta tarar da rasuwa da sata a lokaci guda. Ya'u ya ce shi kam bai taɓa bin sawun abin da bai san amfaninsa ba, ta yi masa bayani yadda zai gane.

Ta ce ya ɗauka kamar gaɓar rake ce, wadda ake yankewa a binne ta tsiro da sabon kara. Su ma suna ɗaukar ƙwayoyin halitta daga jini ko fata, su mayar da su yadda suke tun mutum yana ciki, kafin kowace ta san aikin da za ta yi. Daga nan sai su lallaɓa su har su zama naman zuciya. Abin da ke fitowa bai fi ƙwayar gero ba, amma yana bugawa, kuma yana ɗauke da irin lahanin da ke zuciyar mai shi. A kansa ake gwada magunguna, a ga wanda ya karɓa da wanda ya ƙi, ba tare da an gwada a jikin mutum ba.

"Ba a kai ga shuka zuciya cikakkiya ba tukuna, Baba," in ji ta. "Amma wannan 'yar ƙaramar ta ishe ni. Malam Yahya ya bar yarinya, Farida, shekararta goma sha biyu, ta fara haki in ta ɗauko ruwa. Nata jinin ko gobe zan iya ɗiba. Nasa ba zan ƙara samu ba, kuma a jikinsa ne ciwon ya nuna kansa gaba ɗaya."

Ya tambaye ta ko abin yana da wa'adi. Ta ce akwai ƙanƙara a cikin akwatin, tana iya riƙe sanyi yini da kwana in ba a buɗe ba, in kuma rana ba ta dake shi ba. A lissafinta, zuwa azahar ɗin yau komai zai lalace.

Ya'u ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ce jama'a su ja da baya.

*

Gaban asibitin ba abin karantawa, ƙafafu ɗari sun bi ta kai. Ya zagaya baya, inda wata siririyar hanya ta ratsa gonakin masara ta gangara fadama. An yi ruwa ranar Lahadi, ƙasa tana da laushi. Bai yi taku goma ba ya tsuguna.

Sawun takalmin roba ne irin na gona, na namiji, diddigen hagu an yi masa faci da guntun taya, ɗinkin ya fito a ƙasa kamar haƙoran zarto. Wani manomi da ya leƙo ta kafaɗar Ya'u ya ja da baya yana salati. Ya ce takalmin marigayi ne, a gabansa aka yi wannan facin a kasuwar Hunƙuyi. Nan take maganar ta bazu cikin taron, cewa mamaci ya dawo ɗaukar jininsa. Mata biyu suka juya suka nufi gida.

Ya'u ya ce da Mai Unguwa, "Ranka ya daɗe, mamaci ba ya gajiya. Wannan kuwa ya gaji. A bar ni da likita kawai."

Suka bi hanyar su biyu. Ya'u yana ɗora karansa tsakanin taku da taku, yana gani kullum karan yana yin saura, alamar gajeren taku. Ya lura nauyin duk yana gaban takalmin, bayan kuwa jan ƙasa yake yi, wato ƙafar da ke ciki ba ta cika shi ba. Can gaba, a gindin wata kanya, ya ga shaidar abu mai kusurwa huɗu da aka ajiye a ƙasa, da sawun ƙafa biyu a jere kusa da shi. Mai ɗaukar kayan ya sauke ya huta.

Sau biyar suka ga irin wannan shaidar. Ta biyu a ƙarƙashin ɗorawa, ta uku a gindin kalgo. Ta huɗu ce ta tsayar da Ya'u ya daɗe. A wajen babu itace a bakin hanya, fili ne fetal. Sawun ya bar hanya, ya ratsa kunyoyin gyaɗa har taku goma sha biyu zuwa wani mangwaro, aka sauke kayan a can, sannan aka dawo ta inda aka bi. A gefen kunya an tsinke ganyen gwaza guda uku, kututturen bai gama bushewa ba.

A mashayar shanu komai ya ƙare. Garken Tanko ya tattake wurin ya zama taɓo.

Ya'u ya zauna a kan wani dutse, ya tambayi likitar su wa ke wurin sa'ad da ta ce kada rana ta taɓa akwatin. Ta yi tunani, ta ce marigayin da kansa, da ƙanensa Hamisu, da Zulaihatu mai kula da asibitin. Ta ƙara da cewa mahaifiyarsu, Inna Indo, ita ma ta shigo ana cikin maganar, amma da faɗa ta zo. Tsohuwar ta ce ba ta yarda a kwashi jinin ɗanta a kai birni ba, ta nuna wa likitar ƙofa a gaban kowa.

Ya'u ya gyaɗa kai. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

*

Tanko yana zaune a kusurwar zaure, kuncinsa na dama a kumbure. Da ya ji Ya'u ya gaishe shi da Fulatanci, yana tambayar shanu da iyali ɗaya bayan ɗaya, sai kafaɗunsa suka sauka. Ya ce abin shuɗin da aka gan shi da shi jarkar ruwansa ce, tana nan rataye a ruga, kowa ya je ya gani. Bai je jana'iza ba domin ba wanda zai bar wa dabbobi. Ya ce kuma da an tambaye shi kafin a mare shi, da ya faɗa musu ya hangi wani daga nesa bayan azahar, da kaya a ka an lulluɓe da baƙin zane, yana tafiya a hankali ya nufi wajen lambuna. Bai ƙura ido ba, don ya ɗauka mace ce.

Ya'u ya dubi ƙafafunsa, dogaye ne, takun makiyayi kuwa ya fi karan awonsa tsawo. Ya roƙi Mai Unguwa a kwance igiyar. Mai Unguwa ya kwance, amma ya ce Tanko ya zauna a ciki tukuna, don samarin suna nan a bakin masallaci, ba abin da zai raba su da wurin sai sun ga akwatin.

Zulaihatu kuwa tun kafin a tambaye ta ta fara hawaye, don ita ce mai mabuɗi, ta kuma ji abin da ake faɗa a kanta. Ta ce tun hantsi tana gidan rasuwa, ita ta dama kunun da aka raba wa baƙi, mata ashirin za su shaida. Mabuɗin kuwa a ƙarƙashin wani fasasshen turmi take ajiye shi a bayan asibitin, saboda masu naƙuda. Duk macen da ta taɓa rako mai haihuwa ta san wurin. Ya'u ya aika aka tambayi matan, suka ce ko ƙofar gida ba ta leƙa ba sai bayan la'asar.

*

Hamisu yana kan tabarma a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa. Ƙaƙƙarfan mutum ne, mai noman rake, fuskarsa a murtuke. Ya'u ya jira aka shafa addu'a, ya ja shi gefe. Bai ɓoye komai ba.

"Ni na yi niyyar ɗaukarsa, Baba, an dai riga ni ne," in ji shi. "Yayana yana kabari, a ce kuma wani yanki nasa yana can yana bugawa cikin kwalba? Na rantse in mun dawo daga maƙabarta zan ɓalle ƙofar, in kai shi in binne kusa da shi. Mun je mu uku, muka tarar da ƙofa a buɗe."

Ya'u ya tambaye shi a ina ya yi rantsuwar. Ya ce a nan cikin zaure, kafin a ɗauki makara. Ya'u ya dubi bangon zauren, ya ga 'yar taga a sama, ya tambayi ɗakin wa ke bayanta. Hamisu ya ce na Inna ne.

Aka nemo takalmin marigayin, aka same shi a ƙofar baya inda ya saba ajiye shi. Waɗanda suka ɗauko gawarsa daga gona ne suka dawo da shi. Gonar Yahya jigawa ce mai jar ƙasa, amma baƙar lakar fadama ce ta bushe a tafin takalmin. Ya'u ya ce Hamisu ya saka. Ya saka, ƙafarsa ta cika shi tam har diddige ya ɗan leƙo. Mutane goma kuma suka shaida shi ya riƙe gaban makara tun daga gida har bakin kabari.

Ya'u ya nemi iso ya shiga ya yi wa tsohuwa ta'aziyya.

*

Tsakar gidan cike take da mata. Yana wucewa ya ji biyu suna gardama ƙasa-ƙasa a bakin rijiya, ɗaya tana cewa tun jiya ba a ga doguwar igiyar guga ba, sai ta maƙwabta aka aro. Ya tambayi matar da ke yi masa jagora ko Inna ta zauna karɓar gaisuwa jiya. Ta ce ina, ai marigayin ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa. Da aka fito da makara ta sulale ta ƙofar baya don kada a ga hawayenta, ba wanda ya bi ta, an san kunya ce. Sai wajen la'asar aka gan ta a ɗaki.

Inna Indo tana zaune a bakin ƙofarta, 'yar ƙaramar tsohuwa, ta naɗe hannuwanta cikin mayafi. Wata yarinya siririya tana jingine da ita, Ya'u ya gane Farida ce. Ya tsuguna daga nesa, ya gaishe ta, ya yi mata haƙuri, ta amsa a taƙaice. Sannan ya ce a yi wa mamaci addu'a, ya ɗaga hannu. Ita ma ta fito da nata.

Tafukanta biyu duk sun saɓule. Wani jan layi ya ratsa kowanne daga gefe zuwa gefe, irin wanda igiya ke yi in nauyi ya fizge ta.

Suka shafa. Ya'u ya yi magana yana kallon ƙasa, da muryar da ba ta wuce su uku ba.

"Inna, abu biyu zan faɗa in tafi. Likita ta ce sanyin da ke cikin akwatin nan ba zai wuce azahar ɗin yau ba. Kuma akwai wani bawan Allah da ya kwana a ɗaure a zauren Mai Unguwa saboda shi."

Ta ɗago kai. "An ɗaure wa?"

"Tanko mai shanu. An ma taɓa lafiyarsa."

Ta mayar da hannuwanta cikin mayafi. Ya'u ya yi sallama ya fita. A zaure ya tambayi Hamisu ko marigayin yana da lambu a fadama. Ya ce yana da shi, can bayan mashaya, amma da damina ba mai zuwa.

*

Rana ta kusa tsaka sa'ad da suka taru a lambun: Mai Unguwa, da likita, da Zulaihatu, da Hamisu, da Tanko wanda Mai Unguwa ya riƙe wa hannu da kansa, sai samarin da suka biyo baya suka tsaya a bakin shinge. Ya'u ya riga su zuwa. Ya sake tsinto sawun takalmin a ƙetaren taɓo, ya bi shi har wani tarin busasshen ganyen rake a tsakiyar ciyawa.

Ya fara da wanke waɗanda ake zargi. Ya ce takun Tanko ya fi na mai kayan tsawo da kusan rabi. Zulaihatu tana bakin murhu. Hamisu yana ƙarƙashin makara, kuma ƙafarsa ta cika takalmin da mai kayan yake ja a ƙasa.

"Abin da ya tsaya mini a rai shi ne inuwa," in ji shi. "Na bi ɓarayi da yawa, ban taɓa ganin wanda ya gaji har yana sauke kaya sau biyar, sannan ya ƙara wa kansa taku ashirin da huɗu don kawai ya ajiye kayan a gindin mangwaro ba. Wanda zai fasa abu ko ya binne shi, ina ruwansa da rana? Wannan har ganyen gwaza ya tsinka ya rufa masa. Ya ji abin da likita ta ce, kuma so yake abin ya rayu. Ranka ya daɗe, ba sata aka yi ba, ɓoyewa aka yi."

Ya sunkuya ya yaye ganyen raken. Bakin rijiyar lambu ne, an gitta mata itace, an ɗaure igiyar guga a tsakiya. Ya ce Hamisu ya ja. Hamisu ya ja a hankali, hannu bayan hannu, har shuɗin akwatin ya fito naɗe cikin baƙin zane, gindinsa yana ɗigar ruwa.

Likita ta durƙusa ta buɗe shi kaɗan, ta zura hannu, ta zaro ɗan ma'aunin sanyi ta duba, ta rufe da sauri. Sai kawai ta zauna daɓas a cikin ciyawa, ta rufe fuska da tafuka.

"Da sauran ƙanƙara," in ji ta. "Alhamdu lillahi. Ba abin da ya same shi."

Mai Unguwa ya sauke numfashi, ya cire hula ya share gumi. Amma wani daga cikin samarin ya ce to an ji, wa ya ɗauka? Hamisu kuwa zanen yake kallo, ya kasa ɗauke ido daga kansa. Ya'u ya ce shi aikinsa nemo kaya ne, ga kaya an gani.

"Ku bar shi, ba zai faɗa ba. Ni ce."

Kowa ya juya. Inna Indo ce tsaye a bakin shinge, ta dafa kafaɗar Farida, dukansu biyu suna haki. Samarin suka dare suka ba ta hanya.

Ta zauna a kan kututture, ta huta, sannan ta ba da labarin ba tare da ta dubi kowa ba. Ta ce gaskiya ne ta kori likita ranar Litinin. Amma da yamma marigayin ya shigo ɗakinta, ya zauna a ƙasa, ya ce mata ba don kansa ya ba da jinin ba, shi ya san nasa ya yi nisa, don yarinyar nan ne. Ta yi masa shiru, ya fita, washegari aka shigo da shi a kwance. Tana ɗaki ta ji rantsuwar Hamisu ta taga. Ta san halin ɗanta, in ya faɗa sai ya yi. Likita ba ta gari, maza sun tafi maƙabarta. Ta zura takalmin da ta tarar a ƙofar baya, ta ɗauki igiya, ta fita. Ta yi nufin in taro ya ragu ta aika wa likita a ɓoye. Ba ta san ƙanƙara tana da wa'adi ba, ba kuma wanda ya gaya mata an kama mutum.

Sannan ta dubi Hamisu.

"Na binne ubanku, na binne biyu cikinku, duk da ciwo ɗaya. Yayanka yana kabarinsa, ba abin da ya rage masa. Wannan da bakinsa ya bayar, yana da rai, ya ba 'yarsa. Kai wa ya ba ka ikon karɓewa?"

Hamisu ya tsuguna a gabanta, kansa a ƙasa. Ya ce shi tsoron Allah ne ya sa shi, ba ƙin yarinyar ba. Ya tambayi likita, in an gama aikin, abin da ya saura fa? Ta ce ta yi masa alkawari a gaban Mai Unguwa, duk abin da ya rage ita da kanta za ta dawo da shi, su binne yadda ya kamata. In yana so kuma ya ɗauki limamin gari su je Zariya su ga wurin da idonsu. Ya gyaɗa kai.

Tsohuwar ta ce a matso mata da Tanko. Ya zo ya durƙusa. Ta ce ɗana, ni na ja maka, ka yafe mini. Tanko ya rasa inda zai sa kansa, ya ce ba komai Inna, ya yafe duniya da lahira, shi dai a bar shi ya je ya ga shanunsa, tun jiya ba a tatse su ba. Mai Unguwa ya ce zai tafi, amma sai wanda ya mare shi ya fito. Aka yi ta kallon juna, har wani dogon saurayi ya fito yana sosa ƙeya. Mai Unguwa ya sa shi ya ba da haƙuri a gaban jama'a, ya kuma yanke masa yankan ciyawar shanun Tanko na kwana bakwai. A nan ne aka fara jin dariya a garin tun safiyar Talata.

*

Motar likita tana bakin masallaci. Da za a tafi, Hamisu ya riga kowa sunkuyawa ya ɗauki akwatin, ya rungume shi a ƙirji, ya bi gefen masara inda rana ba ta sauka sosai. Ya'u yana biye da su a baya, yana tafiya daidai da takun tsohuwar, Zulaihatu kuma tana yi mata faɗan ta bari a wanke mata hannuwan nan a sa magani.

Hamisu ya ajiye akwatin a ƙasan kujerar baya, ya rufe ƙofa, amma bai matsa ba. Likita ta tada mota, ta ga har yanzu yana tsaye, ta sauke gilashi.

"Likita," in ji shi, ya rage murya. "In kin dawo, ki taho da allurar nan taki. Wata uku ke nan in na ɗauki damin rake sai na zauna. Ban gaya wa kowa ba."

Ta dube shi, ta kashe motar. Ta ce akwai sauran kwalabe a jakarta, kuma aikin minti biyar ne, akwatin zai iya jira.

Hamisu ya waiwaya ya ga mahaifiyarsa ta iso, ta kuma ji. Ya fara naɗe hannun riga.